Wat Biyar a Kan Ƙololuwar Dutse



Zancenmu na yau a kan wasu mutane ne, maza da mata, da ke sammako su goya jaka su kama hanyar dutse. A cikin jakar akwai 'yar ƙaramar na'urar rediyo mai aikawa da karɓa, da batir, da siririyar waya a naɗe, da sandar kamun kifi irin wadda ake zuƙewa ta shige cikin kanta. Idan suka kai ƙololuwa sai su kafa tasha, su yi kira, wasu mutane da ba su taɓa gani ba su amsa musu daga garuruwa masu nisa, wani lokaci ma daga wata nahiya. Bayan awa ɗaya ko biyu su naɗe kayansu su sauko, ba su bar ko igiya a wurin ba.

Waɗannan su ne 'yan sha'awar rediyo, kuma sha'awar tasu tsohuwa ce. Tun farkon ƙarni na ashirin akwai masu haɗa na'urar rediyo da hannunsu a gida don su yi magana da juna. A ranar 18 ga Afrilu 1925 suka kafa ƙungiyarsu ta duniya a birnin Faris, kuma har yau ranar ce suke bikin shekara. Ba a barin kowa ya hau iska da ka. Sai mutum ya yi karatu ya ci jarrabawa, hukumar sadarwa ta ƙasarsa ta ba shi lasisi da lambar kira tasa shi kaɗai. Farkon lambar kan nuna ƙasar da ya fito: G ko M na Ingila, 5N na Najeriya, 5U na Nijar, 9G na Gana, TJ na Kamaru. An ware musu nasu zangunan a iska, da sharaɗin ba kasuwanci, ba kiɗa, ba watsa shiri ga jama'a irin wanda nake yi yanzu. Magana ce tsakanin mai lasisi da mai lasisi.

Ɗaukar rediyo zuwa kan tudu ma ba yau aka fara ba. A ranar 12 ga Disamba 1901, a kan wani tudu da ke bakin teku a Newfoundland wani mai binciken rediyo mai suna Marconi ya ɗaga wayar eriyarsa sama, ya ce ya ji ɗigo uku na harafin S da aka aiko daga Cornwall ta Ingila, a ɗaya gefen Tekun Atilantika. Amma mayar da hawan dutse da rediyo wani tsari mai doka da maki, wannan ya soma ne a ranar 2 ga Maris 2002, a Ingila da Wales, da sunan Summits on the Air, wanda kowa ke kira SOTA. John Linford ne ya kawo shawarar, Richard Newstead ya taya shi tsara ta. Sikotilan ta shigo a cikin shekarar, daga nan abin ya bazu zuwa Turai, Amurka, Japan, Ostareliya, Afirka ta Kudu da sauran wurare.

Dokokin ba su da yawa, amma kowace tana da dalili. Ba kowane tudu ake lissafawa ba. Sai wanda ya tsaya da ƙafarsa, wato idan kana kansa kana son zuwa wani wuri da ya fi shi tsawo, dole sai ka sauka aƙalla mita 150 kafin ka sake hawa. Kowane dutse da ya cika sharaɗin yana da lamba. Scafell Pike, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Ingila da mita 978, lambarsa G/LD-001. Ana ba dutse maki gwargwadon tsawonsa: ɗaya, biyu, huɗu, shida, takwas ko goma. Ƙarshen hawan dole ya zama da ƙarfin jikinka, ba a mota ba. Dole ka zauna a wurin da bai gaza ƙololuwar da fiye da mita 25 ba. Wutar da za ka yi aiki da ita dole ta zama ta batir ko ta hasken rana da ka ɗauko da kanka, ba janareta. Kuma ba za ka ci makin ba sai ka yi magana da tashoshi huɗu daban-daban, kai tsaye, ba ta hanyar na'urorin maimaita saƙo da ake kafawa a ƙasa ba. Dutse ɗaya sau ɗaya yake ba ka maki a shekara. Wanda ya tara maki dubu ana ba shi lambar yabo mai suna Akuyar Dutse, kuma ko da duk dutsen da ya hau mai maki goma ne, lissafi ya nuna hawa ɗari ke nan, in ba a sa ƙarin maki uku da wasu ƙasashe ke bayarwa lokacin hunturu ba.

Dokar batir da dokar ƙafa su ne suka fi jan hankalina, domin su ne ke tilasta wa mutum ya san abin da yake yi. Wanda zai goya kayansa awa uku yana hawa ba zai ɗauki abin da bai fahimci amfaninsa ba. Kowace waya sai ya auna ta, kowane batir sai ya lissafa awa nawa zai kai shi. Da yawansu da wat biyar suke aiki, ko goma. Na'urar Yaesu FT-817, wadda ta yi shekaru tana cikin jakunkunan masu hawa, wat biyar ne iyakarta. Ku kwatanta da tashar BBC da ke tsibirin Ascension a tsakiyar Atilantika, wadda ta daɗe tana harbo shirye-shirye zuwa Afirka ta Yamma da na'urori masu kilowat 250. Wannan ninki dubu hamsin ne na abin da mutumin kan dutse ke riƙe da shi.

To ta yaya wat biyar ke zuwa ko'ina? Amsar hawa uku ce, kuma a nan ne daɗin maganar yake.

Na farko tsawo. Akwai zangunan da saƙo ke tafiya kusan a miƙe, kamar zangon mita 2 da ake amfani da shi da 'yar rediyon hannu. Duniya kuwa a lanƙwashe take, saboda haka mai tsaye a fili da eriya a daidai kansa, sararin da saƙonsa zai kai kafin ƙasa ta tare shi bai wuce kilomita shida ba. Ka ɗora shi a kan dutse mai mita dubu, sararin ya koma kusan kilomita 130. Idan wanda yake magana da shi shi ma yana kan wani dutsen mai irin wannan tsawo, sai a haɗa biyun, a samu wajen kilomita 260 da na'urar da ke shiga aljihun riga. Shi ya sa magana daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa take da daraja ta musamman a wurinsu, har lissafinta daban ake yi.

Na biyu sararin sama. Wannan ku masu sauraro kun san shi a aikace tun kafin a yi muku bayani. Tun 1957 da BBC ta fara magana da Hausa, iyayenmu ke murɗa rediyo suna neman mita 16, mita 19, mita 25, mita 41, sun kuma san cewa tashar da ta fito tangaran da safe tana iya ɓacewa da rana, wata kuma sai dare ya yi take zuwa. Dalili shi ne can sama, daga wajen kilomita 200 zuwa 400, akwai wani rufi na iska da hasken rana ke cika shi da caji. Saƙon gajeren zango yakan tashi ya bugi wannan rufi ya lanƙwaso ya dawo ƙasa a wuri mai nisa. Rufin yana canzawa tsakanin dare da rana, tsakanin damina da rani, yana kuma bin yanayin ita kanta ranar, wadda ke zagayen ƙarfi da rauni na kusan shekara goma sha ɗaya. Rufin nan bai san babba da ƙarami ba. Yadda yake dawo da saƙon kilowat 250 haka yake dawo da na wat biyar, sai dai ɗaya ya iso da ƙarfi, ɗaya a raunane. Raunin ma bai kai yadda mutum zai zata ba. A ma'aunin da suke amfani da shi, sai ka ninka ƙarfinka sau huɗu kafin allurar mai karɓa ta motsa mataki ɗaya. Wanda ya sauko daga wat ɗari zuwa wat biyar, mataki biyu da ɗan ɗoriya kawai ya rasa.

Na uku shi ne wanda aka fi mantawa da shi: shiru. Duk wanda ya taɓa kunna rediyon gajeren zango kusa da inbata, ko cajar waya, ko fitilar caji, ya ji ƙarar da ke cika zangon har ta binne muryar mai labarai. Biranen duniya yanzu cike suke da wannan hayaniya ta lantarki, kuma ta hana 'yan sha'awar rediyo da yawa jin komai daga gidajensu. A kan dutse babu ita. Mutum ya kunna na'ura ya ji zangon wayam, har ya iya tsinto muryar da a gida ba zai san ma tana nan ba. Mai magana da ƙaramin ƙarfi dole ya zama mai kunne, dutsen kuwa kunne yake ba shi kafin ya ba shi murya.

Bari mu bi ɗaya daga cikinsu mu ga yadda aikin yake. Tun daren jiya ya rubuta sanarwa a shafin intanet na masu wannan harka cewa gobe da misalin ƙarfe goma sha ɗaya agogon GMT zai kasance a kan dutse kaza, a zango kaza. Ya iso sama yana haki, gumi ya jiƙa masa riga, iska kuma ta fara sanyaya gumin. Abu na farko ba rediyo ba ne, ƙarin riga ce. Sannan ya nemi bayan wani dutse da zai kare shi daga iska, nesa kaɗan da inda sauran masu yawo ke tsayawa ɗaukar hoto. Ya zaro sandar kifin gaɓa-gaɓa har ta kai mita shida ko bakwai, ya ɗaure tsakiyar wayar a samanta, ya ja hannuwan wayar biyu hagu da dama ya danne ƙarshensu da duwatsu. Idan a zangon mita 40 zai yi aiki, tsawon wayar gaba ɗaya wajen mita ashirin ne, rabin tsawon zangon ke nan, kuma tun a gida ya yanka ta daidai. Iska ta kayar da sandar, ya tashi ya sake kafa ta. Ya zauna a kan jakarsa, ya jona batir, ya sa abin ji a kunne, ya ɗora ɗan littafi a cinya. Da fensir yake rubutu, domin biro yakan ƙi aiki a takarda mai laima.

Ba ya fara magana sai ya saurara. Ya tambaya ko akwai mai amfani da wannan wuri a zangon. Shiru. Sai ya yi kiran da kowane ɗan rediyo a duniya ya sani, CQ, wato duk mai ji ya amsa, ya faɗi lambarsa da lambar dutsen. Minti ɗaya, minti biyu, babu kowa, yatsunsa sun fara ƙagewa. Can sai murya ɗaya ta fito. Suka yi musayar lambar kira, kowa ya gaya wa ɗan'uwansa yadda yake jin sa, ya rubuta lokaci. Wanda ya amsa ɗin ya sanar a shafin cewa ga wane can a kan dutse kaza, a daidai wuri kaza. Kafin minti biyar zangon ya cika, mutum goma suna kira a lokaci guda, shi kuma yana tsintar harafi biyu daga nan, uku daga can, yana sallamar su ɗaya bayan ɗaya da lambar ban kwana ta 'yan rediyo, 73.

Da yawa ma ba sa amfani da murya. Da harshen tangarahu suke magana, ɗigo da ja irin na Morse. Tun bayan taron hukumar sadarwa ta duniya na 2003 aka daina tilasta wa masu neman lasisi koyon sa, Birtaniya ta sauke sharaɗin a shekarar, Amurka a 2007, har aka yi zaton ya mutu ke nan. Hawan dutse na cikin abubuwan da suka raya shi. Saƙon Morse siriri ne, yana ratsa hayaniyar da murya ba za ta iya ba, na'urarsa ƙarama ce, batir ɗinsa kaɗan ne. Mutanen da doka ta yafe musu koyon sa sun koma suna koyo da kansu, saboda jakar ta yi musu sauƙi.

Waɗancan masu amsawa daga gida fa? Su ne rabin tsarin, kuma a ganina nan ne waɗanda suka tsara shi suka nuna hikima. Ana kiran su masu farauta, su ma suna cin makin dutsen duk ranar da suka yi magana da wanda ke kansa, kuma suna da tasu lambar yabon a maki dubu. A cikinsu akwai tsofaffin da gwiwa ta daina ba su damar hawa, da marasa lafiya, da waɗanda ke zaune a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Mai hawa yana iya shan wahalar awa huɗu, idan mutum huɗu ba su amsa ba ya sauko hannu rabbana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saurayi mai ƙarfin ƙafa yana buƙatar dattijon da ke zaune a ɗaki da babbar eriya da haƙurin saurare, dattijon kuma ta bakin saurayin yake zuwa duwatsun da ba zai sake takawa ba.

Na san tambayar da ke bakin wasunku: ga waya a aljihu, me ya kawo wannan wahala? Tambaya ce mai kyau, kuma su kansu masu hawan suna amfani da wayar wajen sanar da cewa sun iso, inda akwai sabis. Amma muryarka a waya tana bi ta hasumiya, ta bi ta wayoyin ƙarƙashin ƙasa da na teku, ta bi ta kwamfutocin kamfani, kowannensu yana jiran wuta da mai gadi da mai biyan kuɗi. Tsakanin mutumin kan dutse da wanda ya amsa masa babu kowa sai iska. Ranar da hasumiyar ta faɗi ake gane bambancin. A watan Disamba 2004 wata tawagar 'yan sha'awar rediyo ta Indiya, ƙarƙashin Bharathi Prasad, tana Port Blair a tsibiran Andaman don sha'awa kawai, suna tara lambobin kira daga ƙasashe. Ranar 26 ga wata girgizar ƙasa da igiyar tsunami suka afka wa yankin, hanyoyin sadarwa suka lalace. Tashar wasan ta koma tashar ceto, suka riƙa isar da saƙonnin hukuma da na iyalai tsakanin tsibiran da babban yankin Indiya. Wanda ya saba kafa tasha cikin minti goma a kan dutse, cikin iska, da batir ɗin da ya goyo, ya riga ya yi atisayen irin wannan rana ko bai yi niyya ba.

Ba zan ce harkar ba ta da aibi ba. Maki yana da daɗi, kuma daɗinsa yana iya rufe ido. Mutum ya yi tafiya mai nisa, ya ga hadari ya haɗo, yana da tashoshi uku a littafi, saura ɗaya. Sanda mai mita bakwai da waya a jikinta, a wuri mafi tsawo a yankin, gayyatar tsawa ce. Wanda ya tsaya neman na huɗun a irin wannan hali ya yi wauta, kuma ƙwararrun cikinsu ba sa ɓoye wannan ga sababbi. Haka sanyi: mai tafiya jikinsa da ɗumi, mai zama wuri ɗaya awa guda a kan dutse sanyi yana shigarsa bai sani ba, ga saukowa tana jiransa, wadda sau da yawa ta fi hawa haɗari ga gajiyayye. Akwai kuma hakkin wasu. Dutse yana da masu shi, ko hukuma ko manomi ko al'ummar da ke girmama wurin, kuma dokar tsarin ta ce sai da izini. Waya a miƙe a kan hanya tana iya harɗe mai wucewa. Abin da ya fi damuna shi ne yadda gaggawar tara maki kan mayar da magana ta zama musayar lambobi zalla, kowa ya ce ina jin ka sarai ko da da ƙyar yake ji, a wuce. Rahoton gaskiya shi ne amfanin abin, domin da shi mutum ke sanin ko eriyar da ya yanka da hannunsa tana aiki.

Mu a wannan yanki mutanen rediyo ne na gaske, amma kusan kullum a gefen saurare muke. Makiyayi da rediyonsa a rataye, mai shayi da nasa a kan tebur, mun san mita, mun san lokacin da tasha ke fita da kyau, mun san a ja eriya a juya ta gabas. Rabin ilimin ke nan. Ɗaya rabin, wato yadda ake auna waya, a haɗa na'ura, a aika saƙo, shi ne bai yaɗu a cikinmu ba, alhali muna da masu gyaran rediyo da waya a kowace kasuwa waɗanda hannunsu ya fi na da yawa daga masu hawan nan ƙwarewa. Lambar da ta fara da 5U ko 5N ba kullum ake jin ta a iska ba, shi ya sa idan ta fito masu nema daga Turai da Amurka da Japan kan yi mata ca. Malamin kimiyya a sakandare da zai nemi lasisi ta hanyar da doka ta tsara, ya fita da ɗalibansa bayan gari da waya mai mita ashirin, zai koya musu lissafin zango da yanayin sararin sama a yini ɗaya fiye da abin da allo zai ba su a zangon karatu guda. Na nanata maganar lasisi da izini, domin a wuraren da ake fama da matsalar tsaro, mutum da na'urar aika saƙo a kan dutse ba tare da takarda ba yana jefa kansa cikin fitina, kuma akwai duwatsun da a yanzu hankali ba zai bari a hau su ba ko da takardar.

Saurare kuwa a buɗe yake. Zangon mita 40 na 'yan sha'awa yana maƙwabtaka da mita 41 da kuka sani, daga kilohaz 7000 zuwa 7200 a ɓangarenmu na duniya, tun bayan da manyan tashoshi suka matsa suka bar musu sama da 7100 a shekarar 2009. Zangon mita 20 yana farawa daga kilohaz 14000. Rediyon gida na yau da kullum zai kawo muku muryoyinsu a cukurkuɗe, sai wanda ke da maɓallin SSB ne zai warware su. Mai irin wannan rediyo ya fita bayan gari, nesa da wayoyin wuta da inbata, ya ɗaura 'yar doguwar waya a eriyarsa ya rataya ta a bishiya, ya gwada mita 20 da rana a ranar Asabar ko Lahadi, lokacin da masu hawa suka fi yawa a duwatsun Turai.